Asusun Banki Ga Basakkwacen Da Ya Koma Zama Birtaniya: Wanne Zai Buɗe, Ta Ina Zai Aiko Kuɗi Gida?

A 'yan shekarun nan akwai mutanen Sakkwato da ke tafiya Birtaniya domin zama na shekara ɗaya ko fiye: malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu neman digiri na biyu ko na uku, likitoci da ma'aikatan jinya da suka samu horo a asibitin koyarwa, da matan da suka bi mazajensu. Duk wanda ya sauka can, tun a makonsa na farko maganar asusun banki take tare masa gaba, domin mai gidan haya yana son a biya shi ta banki, wurin aiki ba ya ba da albashi a hannu, a gida kuma akwai iyaye da iyali da ke jiran abin da za a aiko. Shawarar da yake samu daga waɗanda suka riga shi zuwa takan saɓa wa juna, wannan ya ce ya je babban banki, wancan ya ce manhajar waya ta wadatar, wani kuma ya ce ya bar komai a hannun ɗan canji.

Ra'ayina shi ne yawancin ruɗanin yana zuwa ne daga haɗa ayyuka biyu wuri guda. Ajiyar kuɗi aiki ne daban, aika kuɗi gida kuma aiki ne daban, kamar yadda rumbu yake daban da motar da ke kai hatsi kasuwa. Wanda ya raba waɗannan biyu a ransa, zaɓin zai zo masa da sauƙi.

Abubuwan da ya kamata a auna

Na farko shi ne sauƙin buɗewa, wato irin takardun da za a nema daga baƙon da bai daɗe da sauka ba. Bankunan Birtaniya suna neman shaidar ko kai wane ne da shaidar inda kake zaune, kuma doka ta ɗora masu duba izinin zaman mutum a ƙasar. Katin izinin zama da aka saba riƙewa a hannu ya ƙare aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin yana kan intanet ne, mutum ya ciro lambar tabbatarwa ya ba wanda ya nema. Na biyu shi ne caji, na fili da na ɓoye, musamman wanda ake cusawa cikin farashin canji. Na uku shi ne kariya idan kamfanin ya durƙushe, wanda shi ne ainihin ƙarkon asusu. Na huɗu shi ne haɗarin a rufe wa mutum asusu ko a damfare shi, da kuma inda zai kai kuka idan hakan ta faru. Na biyar kuwa, wanda ba a cika samunsa a jagororin da Turawa ke rubutawa ba amma yake kan gaba a wurinmu, shi ne yadda mutum zai kauce wa kuɗin ruwa.

Babban banki mai rassa

Wannan rukuni ya ƙunshi irin su Barclays, HSBC, Lloyds, NatWest da Santander. Wahalarsu a bakin ƙofa take. Sukan nemi fasfo, shaidar izinin zama, da takardar da ke nuna adireshi, kamar takardar haya ko ta harajin ƙaramar hukuma, kuma baƙon da ya sauka a ɗakin abokinsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan na ƙarshe. Ɗalibi yana da mafita, domin jami'o'i suna ba da wasiƙa ta musamman da ake kai wa banki, mai ɗauke da suna da adireshi da tsawon karatu. Ma'aikacin lafiya kuma yakan samu irin wannan wasiƙa daga wurin aikinsa. Akwai wata dama da mutane da yawa ba su san suna da ita ba: ɗan Najeriya mai halastaccen izinin zama, kasancewar ƙasarsa tana cikin ƙungiyar Commonwealth, yana iya shiga rajistar masu zaɓe a Birtaniya, kuma wannan rajista na cikin abubuwan da bankuna ke dubawa wajen tabbatar da adireshi.

Ta fuskar caji, asusun yau da kullum ba shi da kuɗin wata matuƙar akwai kuɗi a ciki, tura kuɗi zuwa wani asusu a cikin ƙasar kyauta ne, haka cire kuɗi a yawancin na'urorin ATM. Wanda ya saba da yadda ake tsakurar asusu a gida da cajin saƙon alat da na kula da kati zai ga bambanci nan take. Tsadar tana bayyana ne a waje: amfani da katin irin waɗannan bankuna a wata ƙasa yakan jawo cajin da ya kusa kashi 3 cikin 100, aika kuɗi zuwa Najeriya ta hanyarsu kuma yana daga cikin hanyoyi mafi tsada.

Kariyarsu tana da ƙarfi. Hukumar FSCS tana biyan mai ajiya idan banki ya rushe. Iyakar ta daɗe a kan fam 85,000 ga kowane mutum a kowane banki, aka ɗaga ta zuwa fam 120,000 a Disamba 2025. Sannan akwai reshe da mutum zai shiga ya zauna da ma'aikaci ido da ido, ko da yake rassan suna ta raguwa kowace shekara.

Maganar kuɗin ruwa a nan tana bukatar natsuwa. Yawancin asusun yau da kullum ba sa ba da ruwa a kan abin da ke ciki, amma bankin yakan yi wa mutum tayin abin da ake kira obadiraf, wato damar ci gaba da kashe kuɗi bayan asusu ya ƙare, kuma ruwan da ake ɗorawa a kai a manyan bankuna da dama ya kusa kashi 40 cikin 100 a shekara. Ana iya ƙin karɓar wannan tayi tun ranar buɗe asusu. Akwai kuma asusun matakin farko da ake kira besik, wanda doka ta wajabta wa bankuna tara mafi girma su tanada ga masu halastaccen zama da ba su cika sharuɗɗan asusun yau da kullum ba. Ba shi da kuɗin wata, ba shi da obadiraf sam, yana karɓar albashi, yana biyan haya da kuɗin wuta. Wasu na kallonsa a matsayin asusun marasa galihu, alhali ga Musulmin da ke gudun ruwa tsarinsa ya dace da bukata ƙwarai.

Bankin manhaja mai cikakken lasisi

Monzo da Starling su ne fitattu a nan. Ba su da rassa, komai a waya ake yi: mutum ya ɗauki hoton fasfonsa, ya yi ɗan gajeren bidiyon fuskarsa, ya ba da adireshin da za a kawo masa kati, sau da yawa kuma cikin 'yan kwanaki an gama. Wannan ne ya sa sababbin zuwa suka fi karkata gare su, ko da yake su ma suna iya ƙin mutum ba tare da dogon bayani ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne waɗannan biyu bankuna ne na gaske, ajiyarsu tana ƙarƙashin FSCS daidai da ta Barclays ko Lloyds. Ba su da kuɗin wata a asusunsu na yau da kullum, ba sa ɗora caji idan an yi sayayya da katinsu a wata ƙasa, abin da ke da amfani ga wanda zai zo hutu gida ko ya wuce Umara, kuma manhajarsu tana nuna kowane kwabo da ya fita a lokacin da ya fita.

Rauninsu biyu ne. Zuba tsabar kuɗi yana da iyaka, wani lokaci da caji, ta gidan waya ko wasu shaguna ake yinsa. Na biyu kuma, idan na'urarsu ta ga shige da ficen da ba ta gane ba ta dakatar da asusu, babu ofishin da mutum zai je; sai rubutu ta manhaja ko kiran waya, da Turanci, yana jira. Manyan bankuna ma suna dakatar da asusu, kuma dokar yaƙi da halasta kuɗin haram takan hana kowane banki faɗin dalili, sai dai wanda duk abin da ya mallaka yake cikin manhaja guda ya fi shiga tsaka mai wuya idan abin ya faɗo kansa ana gobe biyan haya.

Kamfanonin canji da aika kuɗi

A nan ne kuskure ya fi yawa, domin manhajojinsu sun yi kama da na banki, wasu har da kati da lambar asusu. Wise, wanda aka kafa a 2011 da sunan TransferWise, ba banki ba ne a Birtaniya. Kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet ne da FCA, hukumar da ke kula da kamfanonin kuɗi a Birtaniya, ke sa wa ido. Doka ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su ware kuɗin jama'a daban da nasu, amma FSCS ba ta biyan diyya kai tsaye idan kamfanin ya rushe, kuma dawo da kuɗin na iya ɗaukar lokaci. Haka lamarin yake ga masu aika kuɗi Najeriya irin su LemFi, Sendwave, Remitly, WorldRemit da Western Union.

Amfaninsu a wajen aikawa yake, kuma a can sun fi banki nesa ba kusa ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa Afirka kudu da Sahara ita ce yanki mafi tsadar aika wa kuɗi, inda matsakaicin caji ke kusan kashi 8 cikin 100 a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Gasar da ke tsakanin waɗannan manhajoji ce ta sa hanyar Birtaniya zuwa Najeriya ta fi wannan matsakaici sauƙi. Sai dai kalmar "babu caji" da ake tallatawa ba ita ce ma'auni ba, domin kamfani na iya yafe cajin fili ya ci ribarsa a farashin canji. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: idan na ba da fam 100 yanzu, naira nawa za su shiga asusun mahaifiyata a Mabera? A buɗe manhajoji biyu ko uku a lokaci guda a kwatanta wannan adadi, domin wanda ya fi kyau a wannan mako yana iya zama na baya a mako mai zuwa. A kuma sani cewa tun farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin aiko da kuɗi su riƙa biyan mai karɓa da naira, don haka kada a yi wa na gida alƙawarin zai karɓi fam ko dala a hannu ta wannan hanya.

Bankin Musulunci a can

Al Rayan, wanda ya fara aiki a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain kafin wani bankin Katar ya saye shi a 2014, da kuma Gatehouse, su ne sanannu. Dukansu suna ƙarƙashin FSCS, suna da kwamitin malamai masu sa ido, kuma suna ba mai ajiya ribar da ake sa rai daga kasuwancin halal a madadin ruwa. Gatehouse ba shi da asusun yau da kullum, ajiya da sayen gida ya fi mayar da hankali a kai, Al Rayan kuma rassansa kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka ban ga hikimar sabon zuwa ya dogara da su wajen albashi da haya ba. Ranarsu tana zuwa ne idan mutum ya zauna da gindinsa, ya fara tara abin da zai ajiye na watanni ko shekaru.

Asusun gida, da musayar hannu da hannu

Rayuwa a Birtaniya da katin naira ba mai yiwuwa ba ce. A 2022 bankunan Najeriya da dama suka dakatar da amfani da shi a waje, kuma ko da wasu suka dawo da shi a 2025, da iyaka suka dawo da shi. Amma barin asusun gida ya mutu babbar asara ce. Asusun da aka daina taɓawa bankin yakan kulle shi bayan wani lokaci, layin wayar da aka yi watanni ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani yana iya ƙwacewa ya sayar wa wani, tare da shi kuwa lambobin sirri na banki ke tafiya. Kafin a bar Sakkwato ya kamata a je reshe a tabbatar BVN da NIN sun dace da sunan da ke kan fasfo, a sa adireshin imel a kan asusun, a kuma yi shirin yadda layin zai ci gaba da aiki. Wanda yake son asusu marar ruwa yana da Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ na 2019. Hukumar NDIC tana kare ajiya har naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci tun 2024. Wanda ya riga ya tafi ba shi da BVN, tun 2025 akwai tsarin da Babban Banki ya buɗe na yin rajista daga waje.

Sai musayar da kowa ya sani: ka ba wani fam a can, ɗan'uwansa ya tura wa naka naira a gida. Farashinta yakan yi kyau, kuma tsakanin mutum biyu da suka san juna tun daga gida amana takan riƙe. Haɗarin yana farawa ne idan aka shiga rukunin WhatsApp ana musaya da wanda ba a sani ba. Fam ɗin da ya shigo asusunka yana iya zama na wani da aka damfara, kuma idan bincike ya biyo sawu, asusunka ne zai fara tsayawa. Banki na iya sa sunan mutum a rajistar Cifas, wato kundin waɗanda aka samu da hannu a damfara, har tsawon shekara 6, wanda ke sa buɗe wani asusu ko samun kwangilar waya ya gagara, laifin halasta kuɗin haram kuma hukuncinsa na iya kaiwa shekara 14 a kurkuku, ban da abin da zai jawo wa biza. Wannan ne dalilin da ya sa ara wa wani asusu, ko da ɗan garinku ne ya roƙa da girman Allah, bai kamata ba ko sau ɗaya. Akwai kuma fuskar shari'a, domin malamai sun shardanta cewa canjin kuɗi da kuɗi a yi shi a karɓa nan take, musayar da ake cewa "zan tura maka jibi" kuwa ta bar wannan sharaɗi.

| Zaɓi | Sauƙin buɗewa | Caji | Kariya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Babban banki | Sai da shaidar adireshi | Kyauta a cikin ƙasa, tsada a waje | FSCS | Obadiraf mai ruwa |
| Bankin manhaja | Mai sauƙi | Kaɗan | FSCS | Babu reshe idan an dakatar |
| Kamfanin aikawa | Mai sauƙi | Yana cikin farashin canji | Ware kuɗi kawai | Ajiye albashi a ciki |
| Bankin Musulunci | Matsakaici | Kaɗan | FSCS | Ƙarancin hidimar yau da kullum |
| Asusun gida | A shirya kafin tafiya | Cajin gida | NDIC | Faɗuwar naira, mutuwar layi |
| Musayar hannu | Babu takarda | Farashi mai kyau | Babu | Rufe asusu, tuhuma |

Inda za a nemi bayani da kai kuka

Duk waɗannan hidimomi da Turanci ake yinsu, kuma akwai wuraren samun bayani kyauta waɗanda ba su sayar da komai. MoneyHelper na gwamnati ne, yana bayanin nau'o'in asusu da Turanci mai sauƙi. Citizens Advice, masu ba jama'a shawara, suna da ofisoshi a garuruwa da yawa. UKCISA kuma ta ɗalibai 'yan ƙasashen waje ce. Rajistar FCA tana kan intanet, nan ne ake duba ko kamfani banki ne ko kuwa mai aika kuɗi ne kawai, kuma minti biyar a can ya fi dogon saƙon murya daga wanda shi ma ji ya yi. Idan aka samu saɓani da banki, a fara rubuta masa ƙorafi. Idan mako 8 suka wuce babu gamsasshiyar amsa, ana kai ƙara ofishin Financial Ombudsman, mai raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu, ba tare da biyan ko sisi ba. Tun Oktoba 2024 kuma doka ta wajabta wa bankuna mayar wa mutum kuɗinsa har fam 85,000 a yawancin lokutan da aka yaudare shi ya tura wa ɗan damfara a cikin ƙasar, sai dai wannan kariya ba ta bin kuɗin da aka tura ƙetare.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin shekara ɗaya wanda zai dawo da zarar ya kammala, bankin manhaja mai lasisi ya ishe shi, tare da manhajar aikawa guda ko biyu. Idan an ƙi shi a can, ya karɓi wasiƙar jami'a ya nemi asusun besik a babban banki.

Likita ko ma'aikaciyar jinya da za su zauna shekaru su fi kowa bukatar asusu biyu a bankuna daban-daban: albashi da haya a babban banki, kashe-kashen yau da kullum a bankin manhaja, ta yadda idan ɗaya ya tsaya ɗayan zai riƙe gida. Idan daga baya suka ga bankin da suka fara da shi bai yi masu ba, akwai tsarin sauya banki da ke kwashe komai zuwa sabon asusu cikin kwanakin aiki 7. Abin da suka tara na dogon lokaci shi ne ya dace ya tafi Al Rayan ko Gatehouse.

Matar da ta bi mijinta ta buɗe asusu da sunanta, ko da ba ta fara aiki ba, domin takardun bankin su ne za su zama shaidar zamanta a adireshin idan an zo sabunta biza ko neman aiki.

Mai ɗauke da nauyin gida a Sakkwato, wanda duk wata sai ya aiko kuɗin abinci da na makaranta, ya tura daga asusunsa na banki zuwa kamfanin aikawa mai rajista a ranar da zai aika, zuwa asusunsa na gida ko kai tsaye ga mai karɓa, ya kuma adana rasit. Wanda yake tara kuɗin gini ko na fili kuwa, ganin yadda naira ta faɗi tun bayan sakin farashinta a Yuni 2023, ya fi masa ya bar kuɗin a fam cikin asusu mai kariyar FSCS, ya riƙa aikowa kashi-kashi daidai da matakin da aikin ya kai.